Malam Isuhu mai wayarin, mutumin da ya ɗaure ni a but

Labarin ya same ni da safen nan a bakin kasuwar Mont-Bouët, ina jiran fasinja. Wani direba ɗan'uwanmu ya leƙo ta tagar motata ya ce, ka ji Malam Isuhu mai wayarin ya rasu da asuba?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kashe mota. Mata biyu da suka riga suka shiga na ba su haƙuri suka sauka, ɗaya tana ta zazzaga mini faɗa da Faransanci, ban ma fahimci abin da take cewa ba. In kun ga kuskure a wannan rubutu ku yi mini uzuri.

Duk wanda ya taɓa jan taksi a Libreville cikin mutanenmu ya san shi. Dogo ne siriri, mutumin Damagaram, mai rumfar gyaran wutar mota a ƙarshen wani lungu a unguwar London. Ni Bakano ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da su. Tun ranar da muka haɗu bai taɓa kirana da sunana ba, Bakano kawai. Ni kuma in ce masa bawana, duk da ya ba ni shekara goma cur.

Shi ya koya mini cewa abin da muke kira fis a gida, a nan fizibil ne, but ɗin mota kuma kofur. Lokacin ina sabon zuwa, in na shiga shagon kayan mota sai nuni da hannu kamar kurma.

In ruwan saman garin nan ya kashe maka mota, ko yana tsakar shan shayi zai ajiye kofin ya bi ka. In ka zo gaishe shi kawai, kafin ka tashi ya buɗe bonet ya kankare maka kan batir, ba tare da ka roƙa ba.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Babban abin gwajinsa ƙwan fitila ne guda ɗaya da ya jona wa waya biyu, sai hancinsa da yatsunsa. In an kawo mota, kafin ya taɓa komai sai ya zura kai ya shinshina. Kuma ba ya taɓa sa sabon fis sai ya gano abin da ya ƙona tsohon. Yakan ce:

"Fizibil ba ya mutuwa haka kawai, Bakano. Wani abu ya kashe shi."

Mu direbobi masu gaggawa wannan hali yana ba mu haushi ƙwarai, ni ne kuma kan gaba.

Amma ba don wannan na zauna rubutu ba. Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, yau nake so in sauke shi.

Manya za su tuna shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Muka kwana muka tashi kayan mota sun yi tashin da ba mu taɓa gani ba, wasu ma babu su a kasuwa. Har fis, ɗan abin nan da ba ka ɗauka bakin komai ba, ya zama abin nema. Sai direbobi muka koma dabara. In fis ya ƙone, mu ciro takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari mu naɗe shi da ita mu mayar. Wuta ta dawo, ka ci gaba da harkarka. Malam Isuhu ya tsani wannan dabara kamar me. Ya ce fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin mota, in ka hana shi ƙonewa to waya ce za ta ƙone, kai kuma kana ciki.

Ba mu gama farfaɗowa ba aka sanar da wa'adi ga baƙi. Duk wanda ba shi da katin zama mai rai, ko ya sabunta ko ya bar ƙasar. Wa'adi ya cika, aka fara kame.

Katina ya mutu, sabuntawa kuma ta fi ƙarfina a lokacin. Matata Sa'a tana da cikin fari, wata tara, ko tsayuwar sallah da ƙyar take yi, balle hawa jirgin ruwan da ake kwashe baƙi a ciki. Ba ta da kowa a garin nan sai ni, ba ta jin Faransanci ko kalma biyar. In aka kama ni a hanya, ba wanda zai ma je ya gaya mata inda nake.

Ban taɓa sanin tsoro irin na kwanakin nan ba. In na hango kaki daga nesa, ko na mai gadin banki ne, sai in canza hanya. Rabin shagunan Mont-Bouët a rufe, sahun masallaci ya ragu, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Zama a gida kuma ba zai yiwu ba, sai na fita za mu ci.

Abu ɗaya na riƙe: kada in ba masu kaki dalilin ɗaga mini hannu. Motar da fitilunta ke aiki tana iya wucewa shinge cikin jerin motoci. Wadda wutar birkinta ta mutu kuwa sai an tsayar da ita, daga nan kuma sai a ce kawo takardu.

A daidai wannan lokacin fis ɗin wutar birkina ya fara ƙonewa. Yau lafiya, gobe ya mutu. Na canza sau uku, na huɗu na naɗa masa takardar sigari.

Kwana biyu bayan nan, na ɗauko mata da kaya daga kasuwa, sai na ji warin roba tana ƙonewa. Wata fasinja ta ce hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin kujerar baya. Na sauke su a gefen titi, na zare takardar da hannu har ta ƙona mini yatsa. Yanzu ga ni da zaɓi biyu, ko in yi yawo ba wutar birki a kama ni, ko in mayar da takarda mota ta kama da wuta.

Na nufi London wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina bin lunguna.

Na tarar da shi yana zuba kayan aikinsa a akwati. Ya ce ya rufe rumfa kwana huɗu ke nan, yau ma kayan ya zo ɗauka ya koma gida unguwar Cocotiers, ya gaya wa iyalinsa ba zai wuce rabin awa ba. Ni a zatona yana da kati, ai ya daɗe a ƙasar. Ban tambaya ba. Gaskiya ita ce ban so in sani ba.

Na roƙe shi. Na ce ba gyara nake so ba, ya sa mini waya mai kauri a gurbin fis kawai in tafi, minti biyu. Ya dube ni, ya shinshina motar, ya ga yatsana. Ya ce in waya mai kauri nake so in je wurin wani, shi ba zai ɗaura wa mace mai ciki wuta a ƙarƙashin kujera ba. Na ce to ya duba mini, don Allah, don Annabi. Na ambaci Sa'a, na ambaci cikin. Har hawaye na yi, ba kunya.

Ya ajiye akwatin ya buɗe.

Ya ce in shigo da motar da baya har ƙarshen lungun. Lungun nan ba ya ɓullewa, bango ne dogo a bayansa. Maƙwabciyar rumfarsa kaɗai ke wurin, wata dattijuwa 'yar ƙasa mai gasa ayaba da muke kira Mama Selestin.

Ya cire ƙwayayen fitilun baya, ya jona ƙwan gwajinsa a gurbin fis, ya tokare birki da sanda. Ya yi mini bayani a gurguje: in waya lafiya take, ƙwan ba zai kama ba. In kuwa ta fee a wani wuri tana taɓa ƙarfen mota, zai haska. Ƙwan bai kama ba.

Ya fara bin wayoyi daga gaba, yana girgiza su da yatsa, taƙi-taƙi, idonsa a kan ƙwan. Ƙarƙashin sitiyari, gefen ƙofa, ƙarƙashin kujera inda roba ta narke. Ya ce nan ta yi zafi ne kawai, ciwon ba a nan yake ba. Ni ina tsaye ina kallon bakin lungu, duk motar da ta gifta sai in ɗauka masu kaki ne. Na ce masa bawana, yi sauri mana. Ko ɗago kai bai yi ba.

Rabin awarsa ta wuce, awa ɗaya ta wuce. Ƙwan shiru.

Sai ya zauna a kan akwatin ya fara yi mini tambayoyi kamar alƙali. Da safe yake ƙonewa ko da yamma? Da ruwan sama ko da rana? A kan kwalta ko a gargada? Kai kaɗai ko da fasinja? Na kusa yi masa tsawa, amma na daure na yi tunani. Sai na tuna duk sau huɗun daga Mont-Bouët na taso, da lodin matan kasuwa, ayaba da buhunan rogo da kwandon kifi, but ya cika har murfi ba ya rufuwa sai an ɗaure da igiya.

Ya ce to nauyi ne ke danne wayar. Mota ba kaya, ciwo ya ɓuya.

Ya miƙe ya buɗe but, ya waiga yana neman abu mai nauyi. Na ga idonsa ya wuce kafaɗata zuwa bakin lungu, ya ɗan tsaya, sannan ya dawo kaina. Ni na ba lungun baya, ban ga komai ba. Ya ce, da muryarsa ta kullum:

"Bakano, shiga kofur. Kai ne buhun rogon."

Na ɗauka wasa ne. Ya tura ni da hannu, na shiga na dunƙule, ya ja murfin ya ɗaure da igiyar lodi. Ɗan tsagi ya rage, ina hango ƙasa da takalmansa. Na ji ya zagaya gaba, ya dawo, ya sunkuyo daidai tsagin.

"Yauwa, ƙwan ya kama. Ƙarƙashin kafaɗarka ta hagu ne. Yanzu kada ka motsa, ko mi ka ji."

A lokacin na ji ƙarar babbar mota ta tsaya, na ji dirar takalma.

'Yan'uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. But ɗin ya yi zafi kamar tanda, warin kifi ya cika mini hanci, tari ya taso mini na cusa hular kaina a baki. Ina jin bugun zuciyata a kunne, na tabbata su ma suna ji. Babu addu'ar da ta zo mini cikakkiya, sai farkonta kawai nake ta maimaitawa. Na jiƙa wandona, wannan ma yau na faɗe shi.

Masu kaki suka tambaye shi takardu da Faransanci. Na ji ya buɗe wani abu, na ji ɗaya ya ce wannan ai ya mutu tun bara. Nan na san ashe shi ma ba shi da kati.

Suka tambaye shi ina mai taksin. Ya ce ya bar ta gyara ya tafi. Ɗayansu ya zo ya jingina da but, motar ta ɗan nutsa, ina ganin bayan takalminsa kusa da fuskata. Da ya sa hannu a igiyar nan, shi ke nan.

Malam Isuhu bai yi gardama ba, bai roƙa ba. Ya ce su bar shi ya rufe akwatinsa, suka bari. Sai na ji ya ɗaga murya kaɗan yana gaya wa Mama Selestin cewa akwai kayan mutane a kofur, kada ta bari rana ta lalata su.

Takalmansa suka bar gabana. Motarsu ta tashi.

Ban san tsawon lokacin da na yi a ciki ba kafin tsohuwar nan ta kwance igiyar. Ta ba ni ruwa. Na leƙa gaban mota, ƙwan gwajin ya mutu tun da nauyina ya sauka. Na ɗaga shimfiɗar but ta hagu, ga waya ta fee tsawon gaɓar yatsa, kwance a kan ƙarfen da ruwan kifi ya cinye ya yi kaifi. Na naɗe ta da tef ɗinsa, na sa fis daga akwatinsa, na mayar da ƙwayayen. Wuta ta kawo.

Akwatin ban iya kai wa iyalinsa ba. Na bar wa Mama Selestin ta kai.

Kwana huɗu bayan nan naƙuda ta kama Sa'a da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na kai ta asibiti a motar nan, muka wuce shinge biyu ba wanda ya ɗaga mana hannu. Ta haifi mace. Daga baya Allah Ya sa na samu katina.

Shi kuwa an sa shi a jirgin ruwa da rigar da ke jikinsa. Shekara biyar ya yi kafin ya iya dawowa.

Ya bar matarsa, Inna Rabi, da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya a Cocotiers. Ita ta koma suyar masa a ƙofar masallaci. Na fi shekara ina zagaye layin nan don kada mu haɗa ido. Abin da ta sani shi ne mijinta ya ce rabin awa, sai son aiki da taurin kai suka zaunar da shi a rumfa har aka zo aka ɗauke shi. Ta faɗa wa Sa'a haka, ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gabansa bayan ya dawo, ba sau ɗaya ba. Babban ɗansu ya bar makaranta a shekarun nan, kuma har ya girma yana riƙe da uban a zuciya.

Ni ina jin duk wannan, na yi shiru. Ko Sa'a ban gaya wa ba.

Da ya dawo na je gaishe shi. Ya dube ni ya ce, Bakano, fizibil ɗin ya zauna? Na ce ya zauna. Ya ce madalla, ya zuba mini shayi. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da maganar a cikinmu, shekara da shekaru.

Ganinmu na ƙarshe sati biyu ke nan. Na kai masa mota, hon yana yi yana ɗaukewa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, da yatsa kawai yake bin waya, amma cikin minti goma ya gano wata mahaɗa da ta yi tsatsa, ya kankare ta ya matse. Muna zaune a benci sai na ji in ban tambaya yau ba ba zan taɓa tambaya ba. Na ce masa, Malam, ran nan, nauyi kake nema ko ka hango su ne?

Ban taɓa ce masa Malam a gabansa ba sai ranar.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce:

"Na hango su tun suna kwana. Kofur kuwa mutum guda yake ɗauka. Nawa 'ya'yan sun san fuskata, taka ba ta zo duniya ba tukuna."

Na ce to me ya hana ka gaya wa Inna Rabi, ka bar ta tana ganin laifinka duk shekarun nan? Ya ce in ya gaya mata, haushin da take ji nasa zai koma kaina da kan yarinyar, shi kuma ya saba da faɗanta. Ya ƙara da cewa labarin ai nawa ne, ni na shiga kofur, in na ga dama in ba da shi.

Na ce zan je in same ta, shi yana zaune. Na ce Juma'a mai zuwa. Juma'a ta zo na ce ta gaba.

Yau ga shi.

Za a yi jana'iza bayan azahar. Na san kaina, matsoraci ne ni, in na bar maganar nan a cikina zan sake cewa sai an yi bakwai, sai an yi arba'in, har in bi shi da ita. Shi ya sa na rubuta a nan inda 'ya'yansa za su gani, don kada in samu hanyar fasawa. Da na latsa na tura wannan zan ɗauki Sa'a da 'yata mu tafi Cocotiers, in durƙusa a gaban Inna Rabi da babban ɗanta in gaya musu da bakina cewa ba taurin kai ya zaunar da shi ba, ni ne. Ban san abin da za ta ce ba. Tsoron da nake ji yanzu bai gaza na ranar ba.

Ya Allah, bawanKa Isuhu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka amintar da shi daga firgicin ranar da babu wurin ɓuya. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka saka musu shekarun da suka rasa saboda ni.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu ya roƙa masa rahama. In addu'ar ta yi saura, ku roƙa mini Allah Ya sa in iya buɗe baki in na isa ƙofar gidan nan.